Kazar Hayaƙin Goggo Ottilia

Tsoron ya shige ni ne da rana tsaka, a ɗakin girkin Goggo Ottilia, lokacin da na ga hannunta ya tsaya cak a cikin kwaɓin burodi.

Wani saje na sojojin da muke kira Masu Shuɗi ne ya shigo mana, ko ƙanƙarar takalminsa bai kakkaɓe ba. Ya dube ni, ya ga tabarau ɗina mai kauri kamar gindin kwalba, ya kawar da kai. Sannan ya juya ga Kilian, ɗan Goggo, wanda ya fito daga rumfar aikinsa da guduma a hannu. Ya daɗe yana kallon kafaɗunsa kamar mai taya doki a kasuwa.

"Iya, wannan ne ɗan naki?"

"Shi ne. Shi kaɗai gare ni, uban ya rasu."

"To madalla. Zai zo a rubuta shi cikin masu tafiya soja."

Na miƙe na gyara tabarau. Na ce, "Saje, ka yi ɓatan kai. Dubi inda murhun gidan nan yake. Ƙasar Masu Kore ce, su kuwa ba sa ɗaukar tilon ɗan gwauruwa."

"Na ga murhu, malam. Ba kai nake tambaya ba." Ya sake fuskantar Goggo. "Iya, shekaru ukun nan da suka wuce, wa kika kai wa kazar hayaƙi?"

Nan ne hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Ni na san abin da tambayar take nufi, don irin ta na yi shekaru ina karantawa a jami'a, amma ban san amsar ba. Da na ga yadda Goggo ta zuba wa kwaɓin ido, sai na gane ita ta san amsar, sajen ma ya sani, ni kaɗai ne baƙo a ɗakin.

Goggo Ottilia ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarami, bayan zazzaɓi ya ɗauke iyayena. An haife ta a ƙasar Graf, wato mai sarautar Falkenried, ƙasar da mai tafiya a ƙasa zai ƙetare tsakanin karin kumallo da abincin rana. Ta auri Wendelin mai ƙera gangunan giya, ta tare a gidansa a nan Ottersbrunn, gidan da kowa a kwarin nan ya sani saboda iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa. Kakan Wendelin ne ya ƙara ɗakuna ta baya, ya hau ƙasar da ba ta ubangidansa ba. Aka yi ta shari'a har waɗanda suka fara ta suka mutu, aka gaji aka bar abin haka. Har yau akwai jerin ƙusoshi a daɓen katakonmu, daga bango zuwa bango. Ɗakin girki da ƙofar shiga suna ƙasar gidan sufayen coci na bakin kogi. Ɗakunan kwana da rumfar aiki da wurin ajiye itace suna ƙasar Graf.

Wendelin yana son wannan iyaka fiye da yadda wasu ke son gonarsu. Idan Goggo ta taso masa da faɗa, sai ya ƙetare ƙusoshin da taki ɗaya ya ce, "Baiwar Allah, nan ba ki da iko. In kina da magana ki kai ƙara wurin Graf." Ranakun da sufaye suka hana aiki saboda bikin wani waliyyi, sai a ji gudumarsa a rumfa, don a ɓangaren Graf hutun bai kai haka yawa ba. Ita kuwa tana ɗakin girki tana roƙa masa gafara da ƙarfi yadda zai ji.

Amma gida ba ya zama na iyayengiji biyu. Inda murhu yake, nan gidan yake, don haka mu mutanen sufaye ne. Kowace shekara kafin azumin Kirista mai karɓa daga gidan sufaye yakan zo da babban kwando ya bi duk gidan da hayaƙi ke tashi, a ba shi kaza ɗaya. Ba kowace irin kaza ba: sai an saka ta cikin ganga ta iya tsallowa waje da kanta, in ta kasa a canza wata. Goggo ba a taɓa mayar mata da kaza ba, kuma ba ta bari a manta da haka. Tun kaka take ware wadda za ta bayar, ta riƙa ba ta ɓarɓashin burodin da mu take hana mu.

Labarin da ta fi so shi ne na shekarar da ta haifi Kilian. Mai karɓa ya zo ya tarar tana jego, sai ya yi yadda al'ada ta ce: ya yanke kan kazar ya jefa a kwandonsa, ya miƙo sauran ta taga a dafa wa mai jego. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga. Kullum da shi take rufe bakin duk wanda ya zagi masu ƙasa. Ko da Wendelin ya rasu, sufaye suka ɗauki saniyar da ta fi kyau a garkenmu kamar yadda ake yi idan maigida ya mutu, ta yi kuka, amma ita ta wanke saniyar ta ja ta har ƙofarsu. Ba ta ɗauki abin a matsayin zalunci ba. A wurinta kazar nan ce take ba ta damar shiga daji ta yi itace, ta kora aladunta su ci 'ya'yan itatuwa, kuma idan wani ya taɓa ta, akwai ƙofar da za ta je ta buga. Sufayen nan ne kuma suka koya mini karatu, suka tura ni jami'a in koyi dokokin Daula, wadda duk ƙasashen nan ke ƙarƙashinta, da niyyar in dawo in zama lauyansu.

Sai ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin gidan, Goggo tana tsaye a gaban murhunta. Faransawa suka cinye ƙetaren kogin Rhine. Manyan da suka rasa ƙasa a can aka ce za a rama musu da ƙasashen coci. Aka sauke ƙararrawar sufayenmu, aka zuba tsofaffin a keken doki aka watsa su, aka ba da ƙasarsu ga wani yarima da har yau ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a kwarin nan. Ni na ci gaba da karatu da kyar. Na ci jarrabawata ta ƙarshe bara a watan Yuli, a watan Agusta Sarkin Sarakuna mai mulkin Daula ya ajiye kambinsa, aka ce babu Daula kuma. Duk abin da na haddace, wane ne ke ƙarƙashin wane, wace kotu ce ke saman wace, ya zama kamar sanin hanyoyin garin da ruwa ya cinye. Manyan ƙasashe biyu suka haɗiye ƙananan da ke tsakaninsu. Ƙasar yariman nan ta faɗa hannun ɗaya, ta Graf ta faɗa hannun ɗayar. Mutanenmu sun gaji da koyon sababbin sarautu, sai suke kiransu da launin rigar sojojinsu: Masu Kore da Masu Shuɗi. Dukansu biyun dole ne su ba Faransawa sojoji don yaƙin da ake yi a arewa. Bambancin kawai shi ne wanda na faɗa wa sajen: Masu Kore suna bar wa gwauruwa tilon ɗanta, Masu Shuɗi ba sa barin kowa sai gurgu da irina da ba ya gani.

Da sajen ya fita a ranar, na rufe ƙofa na ce, "Goggo, wa kika kai wa?"

"Kada ka yi mini tsawa a gaban murhuna."

"Ban yi tsawa ba. Wa kika kai wa?"

"Graf na kai wa."

Kilian ya ce, "Ni ma na riƙe mata kwandon, shekarar farko. Dokta, nemi wuri ka zauna kafin ka faɗi, fuskarka ta koma kamar cuku." Tun da na dawo yake kirana Dokta, ni kuma ina kiransa Guduma.

Goggo ta goge hannunta a zanen girki, ta zauna a benci. Ta ce, "Shekarar da aka kori sufaye na ware kazata na jira. Azumi ya shiga, ba wanda ya zo. Ista ta wuce, ba wanda ya zo. Maƙwabta suka yanka nasu suka cinye suna murna. Ni na kasa. Duk lokacin da na hura wuta sai in ji kamar na shiga gidan wani ba da izininsa ba. Na tambayi mai unguwa ina yariman yake, ya ce shi ma bai sani ba. To in zauna haka, gida ba mai shi? Da shekara ta zagayo na ce ai rabin gidan nan na Graf ne, a ƙasarsa aka haife ni, kuma shi kaɗai ne mai ƙasar da ake ganin hayaƙin gidansa. Na hau tudu na kai. Da kansa ya fito, ya ba ni ruwan inabi a kofin gilashi."

"Sau uku?"

"Sau uku. Ba a mayar mini da ko ɗaya ba."

"Goggo, wanda ya kai haƙƙin murhu shekara uku a jere ba tare da an tilasta shi ba, ya shaida ke nan cewa murhun na wanda ya karɓa ne. Da hannunki kika ɗauki gidan nan kika kai wa Graf. Duk abin da yake na Graf kuwa, yanzu na Masu Shuɗi ne."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Kaza ce fa, Anselm."

Washegari na tafi ofishin Masu Shuɗi a garin da ke gabas. Jami'in ya saurare ni yana gyara alƙalami. Na kawo masa hukunce-hukuncen da na sani a kan murhu da iyaka, na ce in ya ƙi za mu ɗaukaka ƙara. Ya ce, "Zuwa ina?" Na buɗe baki zan ambaci babbar kotun Daula, na tuna an kulle ta. Ya ga na tuna, ya yi murmushi ya ce, "Sannu da hanya, malam."

Na juya yamma zuwa ofishin Masu Kore. Can na tarar da wani saurayi sa'ana da aka turo daga babban birninsu, bai taɓa jin sunan Ottersbrunn ba. Ya shimfiɗa taswira muka yi ta nema. Da muka samu, sai ga layin iyaka ya bi ta kan ƙauyen, kuma kaurin tawadar kaɗai ya rufe gidanmu da na maƙwabta biyu. Ya ce, "Ka gani, a nan ma ba a san ko na wane ne ba. Kuma ina jin ana maganar mu ba su wannan gefen su ba mu wata gada a kudu. Ban ce an yi ba, ana magana dai." Na tambaye shi to yanzu mu yi yaya. Ya ce zai nemi a zauna da Masu Shuɗi. Kafin nan, muddin Kilian yana gefensu na ƙusoshin, sojan Masu Shuɗi ba shi da ikon taɓa shi, don hakan ƙetare iyaka ne.

Haka Kilian ya koma zama a ɗakin girki. Mutumin da ba ya iya zaman coci har a gama wa'azi, shi ne ya wuni a benci yana fere dankali, yana kallon rumfarsa ta ƙofa. Ni na ɗauki ɗauko itace daga baya. Masu Shuɗi suka ajiye soja ɗaya a bayan rumfar, wani siririn mutum mai yawan tari. Kwana biyu da zuwansa na kama Goggo tana miƙa masa miyar dankali ta ƙofar baya.

"Goggo, mutumin nan ɗanki ya zo kamawa."

"Na sani. Shi ma ɗan wata ne, kuma tarin nan nasa ba ya bari in ji abin da nake tunani."

Kilian ya ɗaga murya daga benci, "Kai mai tari, in ka gama ka wanke mana kwanon. Nan ba bariki ba ne."

Sojan ya ce, "Zo ka karɓa mana."

"Ka kawo dai. Taki biyu ne."

Suka yi dariya su biyun, ni ina tsaye da itace a hannu.

Dabara ɗaya ta rage mini. Idan Graf ya furta a gaban shaidu cewa kajin nan kyauta ce aka kai masa, ba haƙƙin murhu ba, hujjar Masu Shuɗi ta faɗi. Goggo ta sa kayanta na zuwa coci muka hau tudu. An sassaƙe tambarin gidan daga saman ƙofa, an bar fili fari a jikin dutsen. Ɗaki ɗaya ne kawai ake hura wa wuta a duk fadar, a can muka same shi, tsoho, da bargo a kan gwiwa. Ya gane Goggo nan take, fuskarsa ta washe.

"Ottilia ta Wendelin. Kin yi sammako bana, ai azumi da saura."

"Ranka ya daɗe, ba kaza na kawo ba. Magana na kawo."

Na yi masa bayani a hankali yadda zan iya. Da na kai kan kalmar kyauta sai ya ɗaga hannu.

"Kyauta? Ni za a ce talaka ta hau tudu ta kawo wa kyauta, kamar mabaraci a ƙofar coci? Yaro, gidan nan bai taɓa karɓar sadaka ba. Abin da na karɓa haƙƙina ne."

"Ranka ya daɗe, murhun ba a ƙasarka yake ba."

"Ta kawo, na karɓa. Sun ƙwace kotuna, sun ƙwace dajina, sun kankare sunana daga ƙofata. Yanzu kuma in tsaya a gabansu in ce ko kazar ƙarshe da aka kawo mini tausayi ne? Ba zan faɗa ba."

Goggo ta matsa gaba. Ta ce, "To shi ke nan, ranka ya daɗe. In haƙƙinka ne, ni taka ce, ɗana naka ne. Ka tsaya mana. Ai don haka na kawo, don in sami ƙofar da zan buga. Ga shi na buga."

Ya juya ya kalli wuta. Can ya ce, "Ottilia, itacen nan da kike gani yana ci, sai da na nemi izini kafin a saro mini shi a dajin kakana."

Sai Goggo ta gyara ɗankwalinta ta ce, "To a ba ni kajina."

"An cinye su, baiwar Allah."

"Biyu aka cinye. Ja mai farin wuya tana nan, na gan ta a tsakar gida da muke shigowa. Kukunka ba ta yanka mai yin ƙwai."

Ya kawar da kai. Ta fita tsakar gida da kayan cocinta, ta bi kazar nan har lungun bango ta kama ta, muka sauko tana rungume da ita. A hanya na yi ta jin haushi. Amma kafin mu isa gida na fara lissafi: in an mayar da ɗaya, saura biyu, biyu kuwa ba uku ba ne. Abin da karatuna ya koma ke nan, kuma na riƙe shi hannu bibbiyu.

An yi zaman a gidanmu. Aka gicciya tebur a kan ƙusoshin, jami'in Masu Shuɗi ya zauna ta gefen rumfa, na Masu Kore ta gefen murhu. Farkon abin da suka yi gardama a kai shi ne sanyi, don na Shuɗi ya ce ba daidai ba ne a bar shi nesa da wuta, na Kore ya ce wutar tasu ce. Goggo ta ɗebo garwashi a kasko ta ajiye masa a ƙafa. Na kawo maganar murhu, na Shuɗi ya kawo maganar kaza. Na fito da ja mai farin wuya na ɗora a tebur. Ya ce me ya tabbatar ita ce? Goggo ta ce ita ta ƙyanƙyashe ta, ta san ta kamar yadda ta san ɗanta. Ya ce ko ita ce, ranar da aka ɗauko ta Graf ba shi da ikon mayar da komai, don kazar ta riga ta zama ta sarkinsu, saboda haka sata ce. Na Kore ya ce in sata ce, yanzu dai tana ƙasarsu, sai a nemi a miƙa ta a hukumance. Kazar ta yi kashi a kan takardunsa. Kilian ya tuntsire da dariya har da hawaye. Da rana ta yi sanyi suka yarda a kan abu ɗaya: maganar ta fi ƙarfinsu, za a aika manyan biranen biyu su yanke. Kafin nan kowa ya tsaya inda yake.

Kilian ya tsaya inda yake har mako ya zagayo sau biyu. Ranar da abin ya faru na tafi ofishin Masu Kore in ji ko an samu amsa. Itacen da na tara ya ƙare kafin in dawo. Goggo ta ce masa ya zauna, ta ƙetare ƙusoshin ta shiga rumfa ta ɗebo da kanta. Ruwan da ya ɗiga daga rufi ya daskare a daɓen, santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan ƙugunta, itacen ya zubo mata. Kilian yana kallo ta ƙofa. Ta ce ta ɗaga masa hannu tana cewa kada ya zo, kada ya zo. Ya zo. Ya ɗaga ta cak, kafin ya juyo mai tarin nan ya riga ya tsaya tsakaninsa da ƙusoshin, sajen yana bayansa.

Maƙwabciyarmu da ta ji ƙarar faɗuwar ta shigo, ita ta faɗa mini cewa sojan ya bar shi ya miƙa Goggo ta saman layin, ita ta karɓe ta ta zaunar a benci. Ta ce sojan bai iya kallon Goggo ba, sai cewa yake, "Iya, ki yafe ni, saje yana kallo." Na dawo na tarar da kwanon miyarsa a bakin ƙofar baya, an wanke shi tas.

Yanzu Kilian yana barikin Masu Shuɗi a garin gabas. Na je na gan shi ta shingen ƙarfe. Sun aske masa kai, sun ba shi rigar da ba ta rufe ƙirjinsa ba.

"Dokta, yaya ƙugun Inna?"

"Tana takawa da sanda. Ta aiko maka da burodi."

"Ka ce mata kada ta ƙara shiga rumfar nan. Kai kuma ka riƙa tara itace da yawa, hannun naka ba na alƙalami kaɗai ba ne." Ya gutsuri burodin. "An ce da ƙanƙara ta narke za mu tafi arewa. Ka gaya wa manyan naka su ɗan hanzarta."

Na ce, "Zan gaya musu, Guduma." Ban san wa zan gaya wa ba.

Jami'in Masu Kore ya tabbatar mini cewa idan aka yanke gidan nasu ne, za a sako shi, muddin rundunar ba ta riga ta tashi ba. In ta tashi, ya ce, neman mutum ɗaya a cikin sojojin Faransawa ba aikin ofishinsa ba ne. In kuma aka yi musayar nan da gada, maganar murhu da ta kaza duk sun mutu tare.

Azumi zai shiga mako mai zuwa. Shekaranjiya na shigo na tarar Goggo ta sa maƙwabciya ta mirgino mata ganga ɗakin girki, ta saka ja mai farin wuya a ciki. Kazar ta tsallo waje da tashi ɗaya. Goggo ta kama ta ta rufe a kwando a gefen murhu.

"Anselm, wa zan kai wa bana?"

"Ba kowa, Goggo. Don Allah ba kowa."

"Ko Masu Kore? In sun karɓa ai mun zama nasu."

Gaskiyarta ce, kuma na riga na gwada. Na tambayi jami'in nasu, ya ce ba zai iya karɓa ba, don karɓar kamar ya riga manyansa yanke hukunci ne. Masu Shuɗi kuwa sajensu ya aiko cewa duk ranar da ta shirya, suna maraba da ita. Na faɗa mata haka. Ta ɓarɓasa burodi ta zuba wa kazar ta ramin kwandon. Tana hura wutarta kullum da safe, amma na lura ƙarama take hurawa, iyakar abin da zai dafa miya.

Mai kawo wasiƙu ya zo jiya, ba shi da komai namu. Ƙanƙarar kan rufin rumfa ta fara ɗiga da rana. Har yanzu ba mu ji komai ba daga babban birnin Masu Kore ko na Masu Shuɗi, kuma ba a faɗi ranar da rundunar za ta tashi ba.